Tumbin Liman Garba

Ku yaran yanzu kuna ganin zanen barkwanci ba aiki ba ne. Mutum ya ɗauki hoton abokinsa a waya, ya ja masa hanci da ɗan yatsa, ya kumbura masa kumatu, ya tura wa jama'a a yi dariya, shi ke nan wai ya zama mai zane. Kwanan baya wani saurayi ya tsaya a ƙofar shagona nan Agege, ya dubi zanen da ke rataye a bango, ya ce, "Baba Audu, ai wannan kafin ka fiƙe fensir na gama shi a wayata." Na ce Allah ya ba da sa'a. Kumbura ciki kowa ya iya. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne cikin wa za ka kumbura, don me, kuma a wane masallaci za ka yi sallah washegari.

Aikina na farko a wannan sana'a wankin buroshi ne. A nan Agege aka haife ni, mahaifina ɗan goro ne, kuma da ya gaji da ganin bangon gidan haya cike da zanen gawayi, sai ya kama hannuna ya kai ni Mushin wurin wani Bayarabe mai rubuta allunan shaguna, Baba Lasisi. Na daɗe ina wanke buroshi da kananzir, ina goge katako da sanfefa har yatsuna suka yi sulɓi, kafin ya yarda in taɓa fenti. Daga nan na shiga zanen kawunan aski na shagon wanzaman zamani, da ragon masu tsire, da rubutun bayan motocin haya na danfo. In ka zana rago ya yi kama da kare, Baba Lasisi ba ya zagi. Sai ya ɗauki allon ya jingine shi a bakin titi, ya yi ta haushi irin na kare, duk wanda ya zo wucewa ya juyo.

Yana da wata adaka da ba ya buɗewa sai ranar da babu aiki. Tun yana saurayi ya yi fentin gidajen Turawa a Ikoyi, wani da zai koma gida ya bar masa ƙunshin tsofaffin zane-zane na Ingila, waɗanda aka buga tun kafin Turawa su san hanyar ƙasar Hausa. Takardar mai kauri ce, an yi mata launi da hannu, tana warin kafur. Yawancinsu ba'a ce ake wa manyan ƙasar, kuma waɗanda suka fi shan ta limaman coci ne. Akwai guda da na fi so. Wani limami ne da gashin aro a kansa, hanci ja wur, tumbi ya tokare tebur, maɓallin rigarsa na shirin tsinkewa, gabansa ga gasasshen talo-talo ya kusa cinye rabi. Ƙafarsa ɗaya naɗe da bandeji, an ɗora masa ita a kan 'yar kujera, don ciwon da cin daɗi ke jawowa ya kama shi. A can lungu kuma ga wani manomi kamar a busa ya faɗi, hula a hannu, ya kawo wa limamin rabonsa na amfanin gona.

Na tambayi Baba Lasisi ko ba a ɗaure masu wannan zane. Ya ce shi dai abin da ya ji, a tagar shago ake kafa su, jama'a su taru suna kallo, mai yiwuwa har da limamin a cikinsu.

Da wannan takarda ya koya mini sana'ar. Wata rana ya sa tafin hannunsa ya rufe tumbin, ya ce, "Audu, omo mi, ɗana, yanzu fa? Har yanzu mai haɗama ne?"

Na duba, na ce, "E, Baba."

"A ina ka gani?"

Sai a lokacin na lura. Bakinsa a cike yake, amma idonsa na kan kwanon da bai iso gabansa ba tukuna. Baba Lasisi ya ɗauke hannu daga tumbin ya rufe manomin, ya ce in sake dubawa. Da manomin ya ɓace, sai zanen ya koma hoton wani ƙaton mutum yana cin abinci kawai. Ya ce, "Tumbi don dariya aka yi shi. Wanda ke lungu shi ne maganar. In ba ka da abin sawa a lungu, ka koma zanen raguna." Da tsufa ya kama shi zai rufe shago, wannan takardar ya ba ni a matsayin sallama.

Zamanin soja raguna na yi ta zanawa. Wanda ya zana tumbin mai kaki a lokacin ba ya buƙatar neman wurin kwana. Amma da farar hula suka dawo, sai ka ce an buɗe famfo. Kowa na son ya ga ɗan siyasa da tumbi. Na koma yin fasta: in zana da fensir a farin kwali, in bi da alƙalamin ƙarfe da baƙar tawada, in kai maɗaba'a a Shomolu a yi farantin bugu a buga. Na zana kansila yana haɗiye kwalbati, na zana ciyaman ya naɗe titi kamar tabarma ya sa a hammata. Ba suna, ba jam'iyya, kowa ya ɗora wa nasa. Masu talla suna kai su kasuwar Mile 12 da Ketu da tashar Abule Egba, 'yan dako suna liƙawa a rumfa. Abu ɗaya ne ban taɓa ba, wato malamai. Ni ba Bature ba ne, kuma tagar shagona ba ta da nisa da masallaci.

Aikin da nake son ba ku labarinsa ya zo mini ne wata Litinin da hantsi, a kan babur ɗin haya, wato okada. Ina cikin haɗa fenti sai na ga an sauke Liman Garba, limamin masallacin unguwarmu, ɗan okada na sauke numfashi kamar shi ya goyo shi. Liman mutum ne mai jiki, mai fara'a, shi ya raɗa wa 'ya'yana suna. Na miƙe da sauri na share benci.

"Allah gafarta Malam, ai da an aiko ni na zo."

"Zauna, Audu. Turo ƙofar nan kaɗan."

Ya tsaya yana kallon limamin Ingila a bango. Ya daɗe yana kallo. Can ya nuna ƙafar mai bandeji, ya ce, "Wannan ɗan'uwana ne." Sai ya sunkuya ya tuɓe safar ƙafarsa ta hagu. Ni dai na san kullum cikin safa yake, na ɗauka tsantseni ne. Ashe gyambo ne a ƙarƙashin babban yatsa, baki ya yi baƙi, an cusa masa auduga. Ya ce ciwon suga ne. Likita a Idi-Araba ya faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: ko ya kama bakinsa, ko su yanke ƙafar daga gwiwa.

Na ce, "Subhanallahi. To Malam, ai sai a kiyaye."

Ya yi dariya. "A Agege?"

Na gane abin da yake nufi, don ni ma na yi masa. A nan, ba a buɗe kwano a suna ko walima ko saukar karatu sai Liman ya fara sa hannu, a ce ya sa albarka. Kuma ba loma ɗaya ba. Mai gida na tsaye a kansa, mata na leƙe ta labule. Asabar da Lahadi sai ya zagaya gidaje da yawa, ga waina, ga funkaso, ga shinkafa dafa-duka, ga lemon kwalba. In ya ci da yawa a gidan Bakano ya tsakura a gidan Basakkwace, kafin la'asar magana ta kai Mile 12. Maƙwabta Yarabawa ma ba sa barin sa, suna ta "Alfa, Alfa" da amala a hannu.

"Na ce musu ba ni da lafiya," in ji shi. "Alhaji Tanko mai tumatir ya ce abincin sadaka magani ne, ya ƙara mini cinyar kaza. Kuma kada in ɗora wa mutane duka, Audu. Ni ma in na ga waina, hannuna ba ya shawara da ni."

"To me zan yi, Allah gafarta Malam?"

Ya sake nuna bango. "Irin wannan nake so ka yi mini. Ni ɗin nan. Yadda jariri ma zai gane ni. Ka buga, a liƙa ko'ina. In na zama abin dariya, zan sami hujjar rantsuwa, su kuma kunya za ta hana su miƙo kwano. Ni ma in na san duk Agege na kallon hannuna, zan riƙe shi."

Na ce masa a nan nake zaune, a nan iyalina suke. Ya ce ya sani. Ya ce kuma ba zan gaya wa kowa shi ya sa ni ba, ko matata, don ranar da aka gane shiri ne, kwanuka za su dawo ninki biyu da sunan ban haƙuri. Na dubi fuskarsa, na dubi ƙafar. Tsoro ya kama ni sosai, amma na ce to.

Ban taɓa zana mutum yana zaune yana ba ni umarni ba sai shi. Na kafa kwali, ya gyara zama kamar mai ɗaukar hoton fasfo. In na ja layi sai ya leƙo. "Ƙara kumatun." Na ƙara. "Tumbin nan ai na na'ibi ne, ba nawa ba. Kana jin nauyina ne?" Na ƙara har ya tokare faranti. Da na zo hanci ya ce, "A'a, bar hancin yadda Allah ya yi shi, bai ci komai ba." Na sa masa tabaraunsa mai ɗaurin zare a kunne, da koren mayafinsa na kafaɗa. Na cika masa baki da waina, na juya idon zuwa kwano na gaba, yadda Baba Lasisi ya nuna mini. Ƙafar kuwa na rufe ta da babbar riga, don ya ce wannan tsakaninsa da Allah da likita ne.

Lungu ne ya ba ni wahala. Manomin Ingila ba shi da wurin zama a nan, don Liman Garba bai taɓa ƙwace abincin kowa ba. Na kwana biyu ina juya abin. Daga ƙarshe na cika gefen takardar da hannuwa. Ba fuska, hannuwa kawai, daga sama, daga ƙasa, daga dama da hagu, kowanne da kwano yana turawa gabansa. Wani da agogo, wani da lalle, wani da zoben azurfa mai jan dutse. Hannu ya fi fuska wuyar zane, ku tambayi duk wanda ya taɓa riƙe alƙalami. Da Liman ya gani, sai ya ce, "Buga."

Kafin Juma'a ta zagayo an liƙa shi daga Agege har Ketu. 'Yan dako suka yi ta dariya har da riƙe ciki, manya kuwa suka murtuke. Alhaji Tanko, wanda ya fi kowa yawan walima a unguwa, ya zo shagona da mutanensa, fastar a dunƙule a hannu.

"Kai Audu, 'yan siyasa sun ƙare ne? Mutumin da ya raɗa wa 'ya'yanka suna? Wace irin wahala ce wannan ka jawo mana, Yarabawa na yi mana dariya!"

Na ce, "Alhaji, ai ban sa suna ba."

"Ka sa tabarau!"

Ran nan bayan la'asar Liman ya miƙe a masallaci, ina can sahun baya kamar ɓarawo. Ya ce ya ga abin da aka liƙa. Ya ce tunda abin ya kai haka, shi Garba ya ɗauki alkawari, daga yau ba zai ƙara sa hannu a kwanon taro ba. Addu'a zai yi, ya sha ruwa, ya tafi. Wasu dattawa suka share hawaye. Na saurara da kyau, ko kalma ɗaya ta ƙarya bai faɗa ba. Ya ƙara da cewa wanda ya taɓa mai zanen bai yafe ba.

Ba wanda ya taɓa ni. Da ma sun taɓa ni an wuce wurin. Wannan ita ce mummunar shekarata a sana'a. Mai shayin da na rubuta wa allo ya juya allon ya fuskanci bango. Masu talla suka daina zuwa ɗaukar fasta. In na yi sallama a majalisa sai a amsa a ciki, kamar masu ciwon haƙori. A sahu akan bar ɗan fili a gefena wanda akuya za ta iya wucewa. Matata Asabe aka daina kawo mata goron gayyata, kullum tambayarta ɗaya: "Malam, me Liman ya yi maka?" In ce ba komai. Ta ce, "To ai shi ne abin ya fi muni." Na koma Abule Egba ina rubutun bayan danfo a rana, aikin da na bari tun ina yaro, direbobi na ce mini oga suna taya aikin kamar gwanjo.

Sai kuma abin da ni da Liman ba mu hango ba ya faru. Ya fara ramewa. Kumatu suka sauka, riga ta yi masa yawa. Jama'a suka ce baƙin ciki ne ke cin sa, Audu ya kashe bawan Allah da ransa. Wasu suka ce ba a banza ba, akwai abin da nake zubawa a tawada. Har wata hamshaƙiyar Hajiya mai sayar da atamfa ta biyo ta bayan shago, ta rufe fuska da mayafi, ta ce in zana ta a asirce, ita ma tana son ta ragu kafin bikin 'yarta. Na ce mata tawadar ta ƙare.

Da abin ya ishe ni, na tare shi wata rana da safe a soron gidansa. Na ce, "Allah gafarta Malam, tukunyar gidana ta fi ka ramewa."

Bai yi dariya ba. Ya tuɓe safa ya nuna mini. Gyambon ya tsuke, bakin ya yi ja, amma bai rufe ba. Ya ce, "Likita ya ce an kama hanya. Jiya a gidan suna an wuce da funkaso ta gabana, wallahi sai da na zauna a kan hannuna. In ka yi magana yanzu, na san su, na san kaina. Ka ƙara mini haƙuri, Audu." Na fito. A hanya na haɗu da Alhaji Tanko, ya kau da kai, maganar ta zo mini har maƙogwaro, na haɗiye ta.

Damina ta wuce, wata ta kusa kamawa. Wata Asabar da hantsi ina kankare tsohon allo, sai na ji hayaniya. Na leƙa, ga Liman Garba tafe a ƙasa, ba okada, jama'a na biye da shi. Tsakanin masallaci da shagona akwai 'yar tafiya, kuma rabon da a gan shi ya taka ta an manta. Mutane sun ɗauka ranar tsinuwa ce ta zo, kowa na son ya samu wurin tsayawa mai kyau. Alhaji Tanko na gaba-gaba.

Ya shigo, ya zauna a benci daidai ƙarƙashin limamin Ingila. Ya jawo kujerar da nake ɗora gwangwanin fenti, ya ɗora ƙafarsa ta hagu a kai. Ba safa. Silifa ne kawai, ya tuɓe shi. Tabo ne a wurin, ya bushe, fata ta rufe.

Ya ce, "Jama'a, ku matso ku ga abin da aka so a bari a Idi-Araba."

Ya ba su labari daga farko har ƙarshe, har da maganar hanci. Ya ce, "Ni na sa shi, ni na hana shi magana. Shekara guda kuna cin naman mutumin nan, ni ina cin ganye." Sannan ya sa na ɗauko ainihin zanen na kwali, ya ɗaga shi. "Kun kalli tumbina kun ƙoshi. Akwai wanda ya kalli gefe?"

Mutane suka matso suna bin hannuwan da ido. Mai shayi ya gane agogonsa. Alhaji Tanko ya dubi zoben azurfa mai jan dutse a takarda, ya dubi yatsansa, ya mayar da hannun cikin aljihu a hankali. Idonsa ya ciko. Ya kama hannuna da ɗayan hannun, ya ce in yafe masa, sannan ya juya ga Liman.

"Allah gafarta Malam, wannan abin godiya ne. Gobe-goben nan zan yanka rago, a yi waina, a yi..."

Liman ya juyo gare ni. "Audu, farantin nan na Shomolu yana nan?"

Na ce, "Yana nan, Allah gafarta Malam. Har da sauran wuri a gefe."

Dariyar da aka yi ran nan har masu danfo suka tsaya kallo. An yi walimar, Liman ya yi addu'a, ya ci yalo da gyaɗa, ba wanda ya tura masa kwano. Aiki ya dawo mini, Asabe ta yi mako ba ta yi mini magana ba don na ɓoye mata, daga baya ta huce.

Su ne zane biyun da kuke gani a bango, na Ingila da na Agege, kusa da juna. Na Ingila ban san yadda ya ƙare da tasa ƙafar ba. Namu dai ya ci gaba da jan sallah a tsaye shekara da shekaru, yana zuwa gidajen suna a ƙasa. Da Allah ya karɓi abinsa ina cikin masu ɗaukar makara, kuma da ƙafafunsa biyu muka kai shi.